Motar da ta kwana hannun kwastan

Tun da Najeriya ta haramta shigo da motoci ta kan iyakokin tudu a Janairun 2017, motar Kwatano da ta biyo ta Maraɗi ta ɓullo Jibiya takan samu masauki kyauta a harabar kwastan. Ba ta fita sai kotu ta mallaka wa gwamnati ita. Kafin nan rana ta cinye fenti, tayoyi sun zauna, kaji sun samu inuwar shan iska.

A da, gwanjon irin waɗannan motoci takarda ce ake miƙa wa wanda ya san wani. A Yulin 2017 shugaban kwastan na lokacin, Kanar Hameed Ali, ya mayar da shi intanet: mai so ya kawo lambar biyan haraji, ya ajiye Naira 1,000, ya yi tayi. Da farko bankin Jaiz kaɗai ke karɓar kuɗin, sai ga dillalan da ba su taɓa leƙa shi ba suna layi tun asuba.

Kuɗin gwanjo kuwa asusun gwamnati suke shiga, a sanar da jimillarsu gaban 'yan jarida. Abin da ba ya shiga lissafin shi ne kuɗin bakaniken da zai lallashi injin ya tashi.