Ire-iren Masu Harhaɗa Kwamfutar Wasa da Niyyar Ƙure Mata Gudu

Kwamfutar wasa ta matsakaicin kuɗi tana tashi ne daga kaya takwas da ake saye ɗaiɗai a harhaɗa: furosesa, madabod, katin hoto, ram, ma'ajiyar SSD, na'urar sanyaya, akwatin wuta, da gidan da za a zuba su. Idan mai ita yana da niyyar obakulokin, wato ya tura furosesa ta yi gudun da ya zarce wanda kamfani ya rubuta a kwali, to dole abu huɗu su jitu: furosesar da aka bari a buɗe, madabod ɗin da ya yarda a taɓa ta, sanyin da zai kwashe ƙarin zafi, da wutar da ba ta rawa. Matsakaicin aljihu ba ya iya ƙosar da kowanne, sai an tauye wani. Daga abin da mutum ya tauye ake gane halinsa, kuma a kan haka masu saye suka kasu kamar yadda za a jero.

Na farko: Masoyin harafin K

Kamfanin Intel yana buɗe ƙofar ƙarin gudu ne a furosesocin da sunansu ya ƙare da K, irin su Core i5-12600K ta 2021 da i5-13600K ta 2022. Wannan mutum ya ji haka, amma bai tsaya ya ji ƙarshen zancen ba. Yakan zube rabin kuɗinsa a kan harafin, sannan ya nemi madabod mafi araha, galibi H610, ya koma gida yana baza riga. A nan ne yake gano cewa sai madabod mai harafin Z, kamar Z690 ko Z790, ke ba da damar ƙara wa furosesar gudu. B660 da B760 na ram kaɗai suka yarda a taɓa. Ya sayi ingarma ya ɗaure shi a turken akuya. Alamarsa ta biyu tana bayyana sa'ad da ya zazzage kwali yana neman fanka, alhali furosesocin K ba sa zuwa da fanka. Yakan koma shago ya ce wa mai kaya: "Malam, an cire wani abu a ciki fa."

Na biyu: Ɗan jam'iyya

Shi wannan bai zo sayayya ba, kamfe ya zo. Ko dai ɗan Intel ne ko ɗan AMD, kuma ba ya sauya sheƙa. Ɗan AMD yana da hujjarsa ta gaskiya: yawancin furosesocin Ryzen a buɗe suke, madabod mai sauƙin kuɗi irin B450 ko B550 ko B650 ma ya isa, kuma soket ɗin AM4 ya daɗe yana karɓar sababbin furosesoci tun fitowar Ryzen a 2017. Abin da ba ya son a tuna masa shi ne Ryzen 7 5800X3D, wadda ta yi suna a wasanni a 2022, a kulle ta fito. Ɗan Intel kuwa tarihi yake ci: Celeron 300A ta 1998 da ake ɗagawa daga megahaz 300 zuwa 450, da Core i5-2500K ta 2011 da mutane da yawa suka kai ta gigahaz 4.5 daga 3.3 da fanka kawai. Shi kuma ba ya son a ambaci 2024, shekarar da kamfanin ya amsa cewa wutar da ta yi yawa tana lalata wasu furosesocin zubi na 13 da na 14, har ya ƙara musu garanti na shekara biyu. Ana iya haɗa waɗannan biyu a shago ɗaya tun hantsi har la'asar ba tare da ɗayansu ya sayi ko waya ba.

Na uku: Mai mance katin hoto

A wasa, katin hoto ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi, shi ya sa masu harhaɗawa ke ware masa kaso mafi tsoka. Wannan mutum ya san haka a baki. Amma bayan ya sayi furosesa mai K, da madabod mai Z, da sanyaya mai ruwa, abin da ya rage a aljihu bai kai kuɗin RX 6600 ba, balle RTX 3060 ko RX 6700 XT masu gigabait 12. Sai ya lallaɓa da tsohon katin da ya gada daga yayansa. Sakamakon shi ne furosesa tana zaune tana hamma, kati yana haki, wasa yana tafiya da ɗingishi. Maganin da yake gani shi ne ya ƙara wa furosesar gudu. Akwai ƙaninsa a wannan hali, wanda ya sayi kati mai kyau amma ya soka wayar allo a ramin madabod maimakon ramin katin da ke ƙasa, ya yi wata guda yana zagin kamfani.

Na huɗu: Mai tanadin gobe

Wannan shi ne mafi yawa, kuma mafi natsuwa. Ya sayi komai daidai: furosesa buɗaɗɗiya, madabod mai ƙarfi, sanyaya babba, ram mai sauri. Abin da ya rage kawai ya danna maɓallin Delete lokacin da kwamfuta ke tashi ya shiga BIOS. Sau ɗaya ya taɓa shiga, ya ga lambobi jere da jan rubutun gargaɗi, ya yi salati ya fito. Tun daga ranar yake cewa sai garanti ya ƙare. Bai san cewa ram ɗin da aka rubuta masa DDR4-3200 yakan tashi a 2133 ko 2400 ba, na DDR5-6000 kuma a 4800, har sai an kunna XMP, ko EXPO a sababbin madabod na AMD. Dannawa ɗaya ce, kuma ita ce ƙarin gudun da ya fi kowanne sauƙi. Ana samunsa kuma ya cusa ram biyu a ramuka maƙwabta, alhali littafin madabod mai rami huɗu yakan ce na biyu da na huɗu, don su yi aiki ta hanya biyu. Littafin yana cikin ledarsa, ba a taɓa buɗe shi ba.

Na biyar: Marowacin wuta

Akwatin wuta ba ya ƙara ko hoto ɗaya a wasa, don haka wannan mutum yake ganin asara ce a kashe masa kuɗi. Yakan zaɓi wanda aka rubuta wa wat 800 da manyan haruffa, ba suna, ba nauyi, ana iya ɗaga shi da yatsu biyu. Bai tambayi tambarin 80 Plus ba, wanda ke nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da akwatin ya ja tana isa ga kayan. Tambarin ma ba shaidar inganci ba ce gaba ɗaya, amma rashinsa abin tsoro ne. Lissafin ba mai wuya ba ne: i5-13600K tana iya jan wat 181 kafin ma a taɓa ta, RX 6700 XT kuma 230, don haka akwati nagari mai wat 650 zuwa 750 ya wadatar. Na banza kuwa yakan mutu ne a tsakiyar wasa, wani lokaci ya tafi da madabod rakiya. A inda wuta ke zuwa tana komawa, ana sauyawa daga ta gwamnati zuwa janareta, lamarinsa ya fi sauri. Bayan ƙauri ya lafa yakan ce ƙaddara ce. Araha dai ba ta ado.

Na shida: Ɗan ƙyale-ƙyale

Burinsa ɗakin ya yi kama da wurin biki. Fanka shida masu sauya launi, ram mai fitila, har waya mai fitila. Gidan da ya zaɓa gilashi ne gaba da gefe, ba ta inda iska za ta shiga, alhali gida mai raga a gaba ya fi sanyi. Kuɗin fitilun ya isa ya sayi sanyaya mai hasumiya irin Hyper 212 ko wadda ta fi ta. A wajensa ne aka fi samun shahararren kuskuren nan: ya ɗaura sanyaya ba tare da ya ɓare siririyar ledar da ke manne a gindinta ba, ledar da aka rubuta wa a cire kafin amfani. Kwamfuta na tashi sai zafi ya haura digiri 90, fankoki su kama kuka. Idan aka kwance, ga leda nan lafiya lau, man sanyaya ya shafe rubutun gargaɗin. Hotunan kwamfutarsa sun fi sa'o'in wasansa yawa.

Na bakwai: Ɗan ganganci

Ya kalli bidiyon wani Bature a YouTube, ya kwafe lambobinsa kaf a takarda. Abu biyu ne bai kwafo ba. Na ɗaya, furosesa biyu masu suna ɗaya ba sa jure gudu ɗaya. Sa'a ce, kowa da abin da ya tsinta a kwali. Na biyu, Baturen a ɗaki mai sanyi yake gwaji, shi kuwa yana Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, inda zafi ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturun da ya wuce ta toshe ragar fanka. Idan gudu ya ƙi zama, sai ya ƙara bolt. Zafin da furosesa ke fitarwa kuwa yana hawa ne da bolt sau bolt: daga 1.2 zuwa 1.4 ƙarin kusan kashi 36 ne, tun kafin a lissafa na gudun kansa. Da ta kai iyakarta, digiri 95 a Ryzen 7000 ko 100 a yawancin na Intel, sai ta rage gudu da kanta, ya ƙare ƙasa da inda ya fara. Ya ƙware a abu ɗaya: cire ɗan batirin CR2032 daga madabod don BIOS ya mance abin da aka yi masa.

Na takwas: Maharbin lamba

Wannan ya iya aikin, nan ne matsalar take. Yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan, yana gwadawa da Prime95 da Cinebench da MemTest86, yana duba zafi a HWiNFO, kamar yadda ya kamata. Sai dai gwajin ba ya ƙarewa. Ya san cewa a Disambar 2022 an haura gigahaz 9 da Core i9-13900K ta hanyar sanyaya ta da ruwan hiliyam, kuma yana faɗin haka kamar ɗan gidansu ne ya yi. Yakan kwana uku a kan ƙarin megahaz 100, wanda ido ba ya gani a wasa. Idan aka tambaye shi wane wasa yake bugawa, sai ya nuna hoton makinsa na 3DMark. Allonsa kuma mai haz 60 ne, ba ya nuna fiye da hoto 60 a daƙiƙa ko da kati ya aiko da 200.

Na tara: Mai jiran gawon shanu

Jerin kayansa ya fi na kowa kyau, kuma shekara da shekaru yana gyara shi. Ya ƙi AM4 don AM5 na tafe. Da AM5 ta zo a 2022 sai ya ce DDR5 ta yi tsada. Da kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogara da haƙa da katunan hoto a Satumbar shekarar, katunan gwanjo suka cika kasuwa, sai ya ce duk sun gaji. Shi ne babban mai ba da shawara a unguwa, a waya yake wasa.

Na goma: Mai lissafi

Ba a cika ganinsa ba, don ba ya surutu. Yakan fara da tambayar wane wasa, a kan wane allo, sannan ya ba katin hoto kaso mafi girma. Yakan ɗauki furosesa mai cibiya shida, madabod matsakaici mai ƙarfen sanyaya a kan sashen da ke tace mata wuta, ram biyu masu gigabait 16 ko 32 a haɗe, sanyaya mai hasumiya, gida mai raga, da akwatin wuta na kamfanin da aka sani. Yana kunna XMP ko EXPO a ranar farko. Ya san cewa Intel da AMD duka ba sa ɗaukar alhakin ɓarnar da obakulokin ya jawo, kuma furosesocin yanzu suna ɗaga gudunsu da kansu har kusa da iyaka, don haka abin da ya rage a tatsa kaɗan ne. Sau da yawa ma rage bolt yake yi don ta yi sanyi ta daɗe a kan babban gudu. A matsakaicin aljihu, kuɗin da aka ƙara wa katin hoto ya fi kuɗin da aka kashe don ƙure furosesa amfani a wasa, kuma kwamfutar wannan mutum ce kaɗai a jerin da ake samu a kunne ana wasa da ita.