Masu Awon Jifa

Mai shayin unguwarmu ne ya tsokano tsuliyar dodo. Wani ya sha masa shayi da ƙwai na wata biyu bashi, ya sulale Legas. Da labari ya iso, sai ya ɗaga moɗa sama, ya tsiyayo shayi a kofi, ya ce: "Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo." A wurin masu hankali magana ta ƙare ke nan. Sai dai bencin mai shayi ba ya tace masu zama.

Na farko Sarkin Gyara. "Ba faɗo ba ne, dawo ne. Haka kakata ke faɗa." Kakar nan ita ce hujjarsa a kowace gardama, ga shi ta daɗe da rasuwa, balle a je a tambaye ta. In ka bi shi ka ce dawo, zai ce dutse ba fatake ba ne da zai dawo.

Na biyu Malamin Lissafi mai ritaya. Shi ba ya musu sai da tsinke a hannu. Ya tsuguna ya zana baka a turɓaya. "Nisa a kwance yake, faɗowa a tsaye take, yaya za a ɗaura musu aure? Tashin jifa ya kamata a ce." Ya bayyana mana cewa tun zamanin Galileo aka gane jifa lanƙwasa yake yi, kuma mai son nisa sai ya karkata hannu digiri 45, rabi sama, rabi gaba. Kafin ya miƙe shayinsa ya huce, ƙuda ya yi wanka a ciki.

Na uku Ɗan Waya. Bai ko ɗago kai ba ya ce: "Karin maganar nan ta tsufa. Amurka ta harba Voyager 1 a 1977, yau ya wuce kilomita biliyan 20, kuma ba zai dawo ba." Mai shayi ya ce: "Shi ma bashi ya ci?" Malamin Lissafi ya karɓe: abin da zai kuɓuce wa duniya sai ya yi gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa guda, wato Kano zuwa Kaduna cikin kamar daƙiƙa 20. "Mai irin wannan dantsen a unguwar nan ya fito mu gan shi." Ya ƙara da cewa Sputnik da Tarayyar Soviet ta harba a 1957 wata uku ya yi yana zagaye, ya rikito ya ƙone.

Na huɗu Ganau. Shi ba ruwansa da Galileo. "Takalmin ƙanena damina biyu ke nan yana kan mangwaron masallaci. Ku je ku gani." Nan benci ya rabu biyu: wasu suka ce ai bai gama faɗowa ba, yada zango ya yi, wasu suka ce to duwatsun da ke kan rufin kwano fa, rufi ƙasa ne ko sama?

Na biyar Mai Tsarguwa. Tun farko gumi yake yi. "Wai da wa ake ne?" Ba wanda ya kira sunansa, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Na shida Ustaz, mai rufe taro. Ya gyara murya ya ce: "Bayin Allah, mu ne jifan. Daga ƙasa aka yi mu, ƙasa za mu koma." Jiki ya yi sanyi, kowa ya ce Allah ya sa mu cika da imani. Can cikin shirun sai ga muryar Sarkin Gyara: "Kun dai ji da kunnenku, koma ya ce."

Mai shayi bai tanka ba. Ya goge hannu, ya jawo littafin bashi, ya lashi yatsa. Ban taɓa ganin gudun da ya kusanci kilomita 11.2 ba sai a daren. Malamin Lissafi ya bar tsinkensa, Ɗan Waya ya bar cajarsa.

Washegari bayan isha duk muka hallara, kowa a gurbinsa. Sarkin Gyara ya ce: "To Malam, faɗowa muka yi ko dawowa?"

Mai shayi ya buɗe littafi ya ce: "Duk wanda kuka zaɓa, kuɗin ɗaya ne."