Nasiha Ga Mai Tuƙa Tuwon Kasuwa Da Jinyar Gida

Ya ke baiwar Allah wadda ƙaddara ta haɗa mata aiki a gidan abinci na bakin Kantin Kwari da jinyar tsohuwa mai hawan jini a gida, ki sani likitoci sun yi ittifaƙi cewa baligi yana bukatar barcin sa'a bakwai zuwa takwas. Amma tun da ba su sharɗanta katifa ba, ya halatta ki riƙa tara naki kamar zubin adashe, kaɗan a cikin adaidaita sahu, kaɗan a bencin asibiti, ragowar kuwa tsakanin talge da tuƙi.

Mas'alar cin abinci ita ce mafi wuya, domin wanda duk ya gan ki da ludayi tun hantsi, kina zuba miyar kuka kina amsa kiran masu cewa a ƙaro nama, ba zai gaskata cewa rabonki da hatsi tun daren jiya ba. Saboda haka ki ƙudurta niyya yayin ɗanɗana gishiri, ki lissafa shi a matsayin kalaci, ki kuma riƙe ƙanzo da daraja, gama shi kaɗai ne uwar ɗakinki ba ta ƙirgawa. Sai dai ki kiyayi hannunki idan kin koma gida, don likita ya hana wa tsohuwa gishiri da dunƙule, ita kuwa lalle za ta ture kwanon, ta ce kina ciyar da bare da daɗi, kin bar mahaifiyarki da lami. Kada ki yi jayayya. Ki ce, "Allah ya huci zuciyarki, Inna," ki miƙa mata ƙwayar maganinta.

Game da albashi, haƙiƙa an sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a shekarar 2024, amma kafin ki yi guɗa sai ki ƙirga abokan aikinki, domin dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ku kuwa, har da yaron da ke ɗebo ruwa, da ƙyar ku cika hannu ɗaya.

Dangi kuma, Allah ya saka musu, za su zo dubiya ran Juma'a da ledar ayaba da shawarwari masu yawa, kowa da sunan wata saiwa da ya ji ana yabo. Da zarar ɗaya ya ce "Ya mai jiki?", kada ki yi saurin cewa da sauƙi, ki miƙa masa mafici da takardar sayen magani, ki ce za ki ɗan kewaya, sa'an nan ki shige ɗakin maƙwabciya ki kwanta, ki bar wasiyya kada a tashe ki sai an kira la'asar.