Inci 75 a Falo Mai Taku Uku

Tun ranar da maƙwabcina ya sauke kwalin talabijin a ƙofar gida, ya bar shi a waje har la'asar wai yana jiran mai ɗaurawa, barci ya ƙaurace mini. Inci 65 aka rubuta a jiki, da baƙaƙen da ko mai hakiya zai karanta daga masallacin unguwa. Tawa inci 32 ce, shekararta tara ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba, amma a daren nan sai na ga ta koma kamar madubin jakar amarya.

Washegari sai kasuwar Sabon Gari. Mai shago ya dubi karin hulata ya ce, "Alhaji, plasma za a ba ka?" Ni da filin jirgin Malam Aminu Kano sai dai rakiya. A wurinmu duk talabijin marar ƙeya plasma ce, kamar yadda duk garin sabulu Omo ne, alhali Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera plasma tun 2014.

Ya shiga karanto mini: 4K ce, ɗigon hoto 3840 a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan takwas. Na yi ta gyaɗa kai kamar na taɓa ƙirga na tsohuwar. Ɗana, wanda ya biyo ni ba don Allah ba, ya ja mini hannun riga: "Baba, a tambaye shi ko tana da HDMI 2.1, saboda PlayStation 5." Ba mu da PlayStation ko ta ɗaya, harsashin wata fitinar yaron yake haƙawa. Ni dai tambayata guda ce: akwai wadda ta fi 65? Aka ce akwai 75. Ko tayi ban yi da kyau ba.

Faɗinta ya haura mita ɗaya da rabi. Mai adaidaita sahu ya kalli kwalin ya ce a nemi a-kori-kura. Muka iso gida, zaure ya ce bai san zancen ba. Kakanninmu sun karkata ƙofar zaure ne don kada idon baƙo ya faɗa tsakar gida, ba su yi lissafin baƙuwa daga Koriya ba. Ƙarshenta ta katangar maƙwabcin nan aka tsallaka da ita, shi da kansa ya riƙe gefe ɗaya, hancinsa dab da lambar. Ya ce, "Allah ya sanya alheri," da wata siririyar murya. A nan na fanshe kuɗina.

Daga kujera zuwa bango taku uku ne. In ana Daɗin Kowa, mai magana yana gabas mai amsawa yana yamma, wuya ya yi ta safa da marwa. Yawancin tashoshin da muke kamawa kuma ba da 4K suke watsa shiri ba, sai ta baza ɗan hoton da ta samu ya cika bango, kamar kokon da aka tsinka don ya ishi baƙi.

Na kai hannu zan ɓare ledar gefenta, uwargida ta yi wuf: "Haba Maigida, in ka ɓare wa zai san sabuwa ce?" Kwalin ma yana saman wadirob, lambar tana kallon ƙofa.

Wuta kuwa sai ta ga dama, ɗan janaretonmu in ya ɗauki talabijin sai ya ajiye fanka. Ranar Asabar haka muka zauna gaban baƙin gilashi, ni da yaro, kai a haɗe, muna kallon Firimiya a waya mai inci shida.

Jiya da safe na hangi maƙwabcina da magini suna auna ƙofar zaurensa da igiya. Na kira yaron a hankali na tambaye shi mene ne gaba da 75.

"85 ce, Baba. Amma a fara sayen PlayStation ɗin."