Kazar da ta gifta a majigi

Takarda ke riga motar majigi isowa. Daga ofishin En'e a Sakkwato za a rubuto wa uban ƙasa, uban ƙasa ya aika wa hakimi, hakimi ya sa mai shela ya zaga gari: gobe bayan lisha akwai majigi a ƙofar fada, kowa ya fito, babba da yaro. Kafin la'asar an share fili, an yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, an jera kujerun manya a gaba. Motar tana da nauyi, ba ta shiri da yashi balle laka. Saboda haka masu rabon ganinta su ne garuruwan da ke kusa da babbar hanya, irin wadda ta taso daga Sakkwato ta ratsa ƙasar Bodinga da Shagari, ta nufi Tambuwal da Jega. Su ma sai da rani. Ƙauyen da ke bayan fadama sai dai ya ji labari ran kasuwa.

Wanda ya kafa harsashin wannan sana'a wani Bature ne, William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Ikko. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta addabi birnin a shekarun 1920, shi kuma ya lura cewa hoto mai motsi ya fi dogon bayani kama zuciya. Ya fara ɗaukar fim, ya sami mota ya riƙa yawo da shi. A 1939, da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, gwamnatin Ingila ta buɗe sashen shirya fina-finai domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kai. Sashen ya yi aiki har 1955. Fina-finan Turai ne, da kuɗin Turai da tunanin Turai, amma da wuya a sami mutumin Landan da ya taɓa jin sunansu, domin ba don shi aka yi su ba.

Daren majigi dare ne mai daɗi, wannan ba a musu. A garin da aci-balbal ce hasken dare, sai inji ya tashi, haske ya faɗa kan farin ƙyalle, ga teku, ga jirgin ƙasa, ga sojoji suna fareti. Mata a gefe guda, yara a kan katanga, masu ƙosai da gyaɗa suna ciniki. Yawancin fina-finan ba su da murya, sai tafinta ya riƙe lasifika yana bayani da Hausa, in ya iya baki ya sa fili ya ɗauki shewa. Akan saka ɗan barkwancin Charlie Chaplin don kada jama'a su watse kafin a kai ga darasi. Kuma cikin darussan akwai na gaskiya, kamar rigakafin agana da tafasa ruwan sha.

A 1940 sashen ya fitar da fim mai suna Mr English at Home. Labarin yini ɗaya ne a gidan wani kafinta a Ingila. Ya tashi, ya wanke fuska, iyali sun karya kumallo a kan tebur, yara sun tafi makaranta, uwargida ta yi shara ta je cefane, da yamma kowa ya dawo gida lafiya. Ba abin da ya ɓaci, ba wanda ya ɗaga murya. Manomin da ya yini a gonar gero yana zaune a ƙasa yana kallon ruwa na zuba daga famfo a cikin ɗaki.

Akwai kuma wani salo da masu fim suka fi so, na mutum biyu, mai wayo da wawa. Mai wayo yana bin maganar malamin gona, ya shuka irin da aka ce, ya gina wa rijiyarsa baki, ya kai ɗansa asibiti. Wawa ya ƙi ji, amfaninsa ya lalace, ɗansa ya kwanta. Fim yakan bi su daki-daki har ƙarshe, mai wayo cikin sabuwar riga, wawa ya yi tagumi. Abin da bai taɓa tsayawa a kai ba shi ne inda mai wayo ya samo kuɗin siminti, da tafiyar kwana nawa ce tsakanin gidan wawa da asibitin. Mai karɓar haraji da jangali ba shi cikin darasin. Hukumomin sayen gyaɗa da auduga da aka kafa a ƙarshen shekarun 1940, waɗanda ke yanke wa manomi farashi su tara rarar, su ma ba a danganta su da tagumin wawa. A kan ƙyalle, duk wanda ya talauce shi ya jawo wa kansa.

Sellers ya tsara wa fina-finan dokoki, ya wallafa su a 1941. A ganinsa masu kallon ba su da wayewar da za su bi fim irin na birni, don haka komai a hankali za a yi shi, ba dabarar kyamara, ba tsalle daga wuri zuwa wuri. Cikin hujjojin da ake kafawa akwai labarin sauro. An taɓa nuna sauro an kusanto da shi har ya cika ƙyallen, sai masu kallo suka ce lalle masu irin wannan sauro suna cikin wahala, nasu dai ƙanana ne. Masu majigi suka rubuta wannan a babin rashin fahimta.

Labarin da ya fi yawo shi ne na kaza. Wani malami, John Wilson, ya ba da shi, marubuci Marshall McLuhan kuma ya saka shi a littafinsa na 1962, daga nan ya zaga duniya. An shirya ɗan gajeren fim a kan tsabta: mutum yana zubar da ruwan da ya kwanta, yana tsince gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya don kada sauro ya hayayyafa. Aka nuna wa mutanen wani ƙauye, aka tambaye su abin da suka gani. Suka ce kaza. Masu fim ba su san da wata kaza ba. Suka koma suka bi fim ɗin hoto bayan hoto, sai ga ta: wani abu ya firgita ta, ta gifta ta kusurwar hoton, daƙiƙa ɗaya ko makamancin haka. Masana suka yi ta rubutu a kan idon da bai iya kallo ba.

A cikin wannan fim, mutumin an gaya masa inda zai tsaya. Gwangwanayen an tanade su. Ruwan an san inda yake kafin a kunna kyamara, tafiyar ma an ce masa ya rage sauri. Kazar kaɗai ce ba wanda ya gayyato ta, ba wanda ya koya mata abin da za ta yi. Ita mutanen ƙauyen suka ambata.

Da an gama, sai a naɗe ƙyalle, a kashe inji, gari ya koma duhunsa. Ma'aikata su ƙiyasta yawan mutanen da suka hallara, su rubuta a rahoto, a aika gaba. Yawan taro shi ne shaidar nasara. Da sassafe motar ta kama hanya, akwai wani gari da ke jira, an riga an share fili. Rijiyar da ke cikin fim tana cikin gwangwaninta a bayan mota, ta tafi tare da su. Matan gari su ɗauki tulu su nufi inda suka saba.

A wannan zamanin kuma wani Bafaranshe, Jean Rouch, yana can bakin kogin Kwara a Nijar. A 1951 ya ɗauki fim ɗin farautar dorina tare da Sarkawa masunta. A 1954 ya koma Ayorou da fim ɗin da inji, ya nuna wa waɗanda ke ciki. Suka kalla, suka sake kalla, sannan suka faɗi ra'ayinsu. Ya sa kiɗa a daidai wurin farauta don ya motsa zuciyar mai kallo. Masunta suka ce wannan kuskure ne, dorina tana da kaifin ji, ba a zuwa mata da kiɗa. Rouch bai ce ba su iya kallo ba. Ya cire kiɗan. A wurin ne wani maharbi ya gayyace shi ya zo ya ga yadda ake farautar zaki da kwari da baka, wanda ya zama wani fim ɗin da ya fito a 1965.

Rouch ma bai tsira daga suka ba. Ousmane Sembène, mai shirya fim ɗan Senegal, ya gaya masa ido da ido cewa irinsu suna duban 'yan Afirka yadda ake duban ƙwari. Fim ɗin dorina bai haƙa wa kowa rijiya ba. Amma mutumin ya yi ta dawowa shekara hamsin, har ajali ya same shi a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairun 2004, nan ƙetaren Illela, aka binne shi a Yamai. Ya dawo wurin mutanen da ya ɗauka, an nuna masa kuskurensa a bainar jama'a, ya karɓa, ya gyara.

A 1960 Turawan mulki suka tattara nasu ya nasu. Motar majigi ba ta bi su ba, nan aka bar ta da injinta da ƙyallenta, ta ci gaba da zagaya garuruwa da sababbin fina-finai da sababbin fuskoki. Tsarin zaman bai sauya ba: kujeru a gaba, jama'a a ƙasa, ƙidaya a rahoto, tashi da asuba. Tun ranar da aka ƙera ta ba a tanadar mata wurin da mai kallo zai tsaya ya faɗi abin da ya gani ba. An yi wa lasifikarta baki mai kai wa ƙarshen gari, ba a yi mata kunne ba.