Gemu a Bakin Zugazugi

Tun da labari ya bazu cewa na shiga koyon ƙira da furfura a gemu, bakinku bai huta ba. Wani ya ce asiri aka yi mini, wani ya ce kuɗin fansho ne suka maƙale, wani har da rantsuwa wai ba zan kai Sallah ba. To, ku matso, masu dariya, a yi ta ta ƙare.

Kun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ji. Amma wa ya gaya muku icce ake tanƙwarawa a maƙera? Mu gawayi muke yi da shi, na ƙirya ma, don shi ne mai riƙe wuta. Abin da muke bugu tsohon sifirin mota ne wanda ya gama cin wuyarsa a kan titi aka jefar. A tura shi wuta ya yi ja, a ɗora a uwar maƙera, kafin la'asar ya zama gatari. Duk rumfar nan babu sabon ƙarfe ko ɗaya, sai ni kaɗai kuka ga tsufana?

Sai masu cewa ƙira gado ce. Wannan kam da gaskiyarku. Sana'a ce mai gidaje, da Sarkin Maƙera, da kiɗan dundufa, da sirrin wasa da wuta wanda ba a bai wa bare. Ni ma ban roƙa ba. Ba ni da sha'awar lasar jan ƙarfe a gaban taro, lauje kawai nake so in iya. Ku kuma Kanawa ku rage sautin dariya, domin labarin da aka gada ya ce sunan garinku na wani maƙeri ne da ya taso daga Gaya neman tama a gindin Dala. Shi ma zuwa ya yi.

Inda duk kuka yi kuskure shi ne da kuka zaci damtse zai kayar da ni. Wa ya ba sabon shiga guduma? Zuga ce aikinsa, da ɗebo gawayi, da miƙa awartaki. Kuma mai duba aikina ɗan maigida ne, yaron da na girmi uwarsa. Ladabi gare shi kamar me, ba ya kirana sai da Baba. "Baba, wutar ta kwanta." "Baba, ba haka ake riƙewa ba." Idan ƙarfe ya wuce ja ya wuce ruwan ɗorawa ya fara tartsatsi, ba ya ko ɗaga murya, sai ya ce, "Baba, ka ƙona mana shi," ya ci gaba da aikinsa. Wallahi da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Wanda ya saba a tashi a ba shi kujera a ofis, nan ne ake gane ko ƙira ya zo koyo ko hoto ya zo ɗauka.

Ban ruwa kuwa har yanzu da ido nake kallo. Maigida ya tsoma bakin gatari ya cire a daidai lokacin da shi kaɗai ya sani. In ya yi tauri da yawa ya ɓalle, in bai ji ba ya lanƙwashe. Gwiwa ma tana nata ƙorafin, don maƙerin Hausa a zaune yake aiki, amma wannan tsakanina da man zafi ne, babu ruwanku.

Buzaye kaɗai na yafe wa dariya, tunda abokan wasan maƙera ne, haƙƙinsu suke karɓa. Sauranku kuwa damina na tafe. Duk wanda fartanyarsa ta dakushe ya kawo, ni zan zuga masa wuta, kuma mai dariya ba a ba shi bashi.