Zumunta a Babban Yatsa Take

Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, kuma sun faɗi haka ne a zamanin da babu hanyar sanin lafiyar ɗan'uwa sai an sa takalmi. Mutumin Baure da ke son gai da kawunsa a Zango ko Sandamu dole ya ɗaura wa jaki akumari ko ya hura tayar keke, ya sha rana, ya isa da ƙura har gira, a ba shi ruwa a moɗa, sannan a shiga gaisuwa. Yanzu lokaci ya yi da malaman Hausa za su zauna su yi wa karin maganar nan kwaskwarima, domin ƙafa ta yi ritaya ba fansho, babban yatsa ya gaje ta. Da shi ake barka, da shi ake dubiya, da shi ake ta'aziyya, har an fara jin ƙishin-ƙishin cewa da shi ake biko. Mutum yana kishingiɗe a kan tabarma zai zagaye dangin uwa da na uba kafin shayinsa ya huce, ya tashi yana jin ya sauke nauyi.

Abin bai zo dare ɗaya ba. A 2001, zamanin Obasanjo, da MTN da Econet suka fara aiki, layi kaɗai dubban nairori ne, kira kuwa naira 50 a minti, ko da daƙiƙa biyar ka yi. Wannan tsada ce ta yi wa gaisuwar Bahaushe aski na farko. Mutumin da ya saba tambayar gida, da iyali, da gajiya, da sanyi, da jiya, da shekaranjiya, sai ga shi yana buɗe baki da "Kana ina?" kamar ɗan sanda. Da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sai aka ƙware a filashin, wato sallamar da ake yi da sharaɗin mai gida ne zai biya kuɗin amsawa. Daga baya WhatsApp ya kawo saƙon murya, gaisuwa ta dawo da ƙarfinta har da riba. Saƙo na minti tara, bakwai gaisuwa ne, ɗaya tari da kukan akuya, na ƙarshe kuma shi ne maganar: a taimaka da na cefane. Bambancin kawai shi ne yanzu mai gaisuwa shi ke tambaya, shi ke ba kansa amsa. "Ya iyali? To madalla." Ba wanda ya ce masa lafiya lau, wataƙila ma yaron na kwance a asibiti, amma an riga an yi madalla.

Inda abin ya fi armashi shi ne guruf na dangi. Kowace zuri'a yanzu tana da shi, da admin wanda ikonsa ya fi na mai unguwa, don mai unguwa ba ya iya korar baffansa daga gari, shi kuwa da latsawa ɗaya ya fitar da shi waje. Da asuba ake fara jera hotunan furanni da kofin shayi masu ɗauke da barka da safiya, ranar Juma'a kuwa sai wayar ta yi zafi. Idan aka yi rasuwa, mutum na farko ya rubuta addu'a, sauran arba'in su kwafa su liƙa, har da kuskuren rubutunsa, kamar gadon da ba a raba ba. Akan samu wanda hannunsa ya zame ya tura sitikar dariya a tsakiyar makoki, ya goge da sauri, amma gwaggo ta riga ta gani, kuma gwaggo ba ta gogewa. Sai a duba zaman makokin kansa: tabarma cike da mutane, kawuna a sunkuye, baƙo ya ɗauka jimami ne. Rabinsu suna ta'aziyyar mamacin ne a guruf, alhali ɗansa na zaune kamu biyu daga gwiwarsu.

Biki da suna ma sun bi sahu. Da, goro da alawa ake rabawa gida-gida, mai kai goron ya sha gaisuwa ya kwaso labari. Yanzu kati ake turawa a sitatus, a ƙasansa lambar asusu da manyan baƙaƙe, sun fi sunan amarya girma. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, shi ya kammala wannan tarbiyya. A watannin nan ne tsohuwar da ba ta taɓa taka banki ba ta koyi cewa "alat bai shigo ba", mai POS kuma ya zama mutumin da ake gaisarwa da hannu biyu. Takardun kuɗi sun dawo, ɗabi'ar ba ta koma ba. Gudummawa ta isa, mai gudummawa bai iso ba, an huta da dafa masa shinkafa, shi ma ya huta da ɗinkin anko. Kowa ya ci riba, sai dai hoton bikin ya fito da kujeru.

Za a ce wannan ƙorafin tsofaffi ne, kuma gaisuwa daga nesa ba yau aka fara ta ba. Gaskiya ne. Tun kafin a haifi masu TikTok, 'yan zaɓi-sonka suna aika kati Rediyon Kaduna, a karanto sunaye talatin a jere, kowanne da laƙabinsa da garinsa. Waɗanda suka yi nisa, a Makka ko Sudan, sukan ɗauki murya a kaset su ba mahajjaci ya kawo, a taru a tsakar gida a saurara ana share hawaye. Amma a lura, katin nan sai an saya, sai an je gidan waya, sai an jira makonni da kunne a jikin rediyo. Kaset ɗin ma wani ne ya ɗauko shi a jakarsa ya ƙetare teku. Wahalar ita ce goron da ke cikin saƙon. Gaisuwar da aka tura wa mutum ɗari biyu a daƙiƙa guda, da tambarin "an turo" a samanta, ta yi kama da tuwon sadaka da aka nuna wa almajiri ta taga.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba a musunta ta. Baure gari ne na bakin iyaka. Daga Babban Mutum zuwa ƙasar Magarya ba wata tafiya ba ce, kuma da wuya a sami gidan da ba shi da jini a tsallake. Da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, waya ce ta riƙe zumuntar da shinge ya nemi tsinkawa, don saƙon murya ba ya tsayawa gaban kwastan. Haka ɗan ci-rani a Legas ko Fatakwal yana ganin jaririnsa ran suna, uwar da ba ta yi boko ba tana magana da ɗanta ba tare da ta nemi ɗan makaranta ya karanta mata sirrinta ba. Duk wannan alheri ne. Tambayar ita ce, wace iyaka aka rufe tsakanin mutum da maƙwabcin da suke haɗa katanga? Wane soja ne ya tsare lungun da ke tsakanin ɗakin Malam da na yayarsa? Maganin da aka kawo don nisa, sai ga shi na kusa ne suka fi sha, kamar a ba gurgu sanda masu ƙafa su ƙwace suna yanga da ita.

Wasu kuma sukan ce ai waya ta rage gaba, tunda ba a haɗuwa balle a yi faɗa. Waɗannan ba su san shuɗiyar alama ba. Tun 2014 da WhatsApp ya fito da 'yan layukan nan biyu masu nuna an karanta saƙo, aka sami sabon laifi a dangi wanda babu shi a littafin alƙali: ya gani bai amsa ba. Da, wanda bai zo gaisuwa ba yana da uzurin ciwon ƙafa ko ruwan sama ko facin taya. Yanzu an gan shi a kan layi ƙarfe biyun dare, ya kalli sitatus ɗin kishiyar inna, bai kalli na inna ba. Uzuri ɗaya ya rage, "ba sabis", kuma mutanen bakin iyaka sun fi kowa sa'a a nan, don suna iya rantsewa cewa wayar ce ta kama layin Nijar. Da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, an zaci za a ga ƙura ta tashi a hanyoyin ziyara. Abin da ya ƙaru shi ne "Yaya, a taimaka min da data in gaishe ku."

Ko a hawan Sallah a Daura, inda aka san talaka da ɗaga hannu ya yi wa Sarki jinjina, hannun yana nan a sama, sai dai waya ce a cikinsa, mai ita kuma yana kallon dawakin ta gilashi kamar wanda ke Landan. Wuri ɗaya ya rage da ƙafa ke aikinta na da, shi ne rumfar mai caji. In wuta ta yi kwana biyu ba ta leƙo ba, nan za ka ga dattijo da saurayi da ɗan acaɓa sun tako da kansu, an jera wayoyi a kan allo kowace da lamba, janareta na ruri, hannuwa sun rasa abin latsawa. Sai a ɗaga kai, a ga ashe wannan na kusa ɗan baffa ne, a tambayi gida, a jira amsa, har a ji cewa tsohuwa ta kwana biyu ba lafiya. Da masarauta za ta karɓi shawara, da an naɗa wa mai caji rawanin Sarkin Zumunta, a kuma roƙe shi ya riƙa rage wa janaretan mai. Da zarar ya ɗaga murya ya ce mai lamba goma sha bakwai ta cika, ɗan baffa zai miƙe tsakiyar labarin tsohuwa, ya karɓi wayarsa, ya ce sauran a turo masa ta WhatsApp.